Dutse da Takarda: Haikalai, Sassaƙa da Zanen Littattafai a Indiya Tsakanin Ƙarni na 8 da na 16

1. Gabatarwa

Tun lokacin da finafinan Indiya suka samu shiga ƙasar Hausa a tsakiyar ƙarni na 20, idon Bahaushe ya saba da wani irin gini mai doguwar hasumiya, wanda aka cika jikinsa da sassaƙa tun daga tushe har ƙololuwa. Galibi akan hango shi ne a bayan 'yan wasa suna rawa da waƙa a farfajiyarsa, sai hankali ya tafi ga waƙar, a bar ginin. Alhali kuwa waɗannan gine-gine, haɗe da gumakan da ke cikinsu da littattafan da aka adana a ɗakunansu, suna daga cikin manyan shaidun da masana tarihi suke dogara da su wajen sanin yadda aka gudanar da mulki da ciniki da ilmi a Indiya a wancan zamani.

Wannan lacca ba ta shafi yanke hukunci a kan aƙidar kowa ba. Tambaya ce ta tarihi ta sa a gaba, watau, a cikin ɗimbin haikalai da littattafan da aka samar a tsawon ƙarni takwas ɗin nan, me ya sa waɗansu suka kawo yau da ransu, waɗansu kuwa kurmi ya haɗiye su? Amsar da za a yi ƙoƙarin kafawa ita ce, ƙarfin mai gini da yawan dukiyar da ya zuba ba su cika tsare gini ba bayan ransa. Abin da ya fi tsare shi shi ne tsarin da aka bari don kula da shi: waƙafi, da lissafi a rubuce, da jama'ar da ta ɗauki gyara a matsayin wajibinta.

2. Addinan Biyu

Kalmar Hindu daga sunan kogin Sindu ta samo asali. Farisawa ne suka sauya lafazin, daga gare su kuma Larabawa suka karɓa suka kira ƙasar al-Hind. Addinin Hindu addini ne mai rassa da yawa, amma a zamanin da ake magana a kansa yawancin haikalai na ɗayan uku ne: ko na Shiwa, ko na Wishnu, ko na Dewi, watau abar bauta mace wadda ake kira da sunaye dabam-dabam.

Jainawa kuwa ba su yarda da mahalicci ba. Suna girmama waɗansu malamai 24 da suke kira tirtankara, ma'ana masu buɗe mashigi, domin a cewarsu su ne suka nuna wa rai inda zai ƙetare kogin mutuwa da sake haihuwa. Na ƙarshensu shi ne Mahawira, wanda ya yi zamani ɗaya da Buda. Ginshiƙin koyarwarsu shi ne haramcin cutar da duk wani mai rai, kome ƙanƙantarsa. Da yake noma ba ya yiwuwa sai an kashe ƙwari da tsutsotsi, da yawa daga cikinsu suka karkata ga fatauci da canjin kuɗi da aikin alƙalami a fadojin sarakuna. Ba su da yawa. A ƙidayar 2011 ba su wuce kimanin miliyan 4 da rabi ba, watau ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen Indiya. Amma kamar yadda za a gani, rabon da suke da shi a tarihin gini da littafi ya fi ƙarfin yawansu nesa ba kusa ba.

3. Fasalin Haikali

Dole a fara da bambanta haikali da masallacin Juma'a. Masallaci ana faɗaɗa cikinsa ne don jama'a su tsaya sahu-sahu. Haikali kuwa gida ne da aka gina wa abin bauta, masu bauta kuma baƙi ne da ke zuwa gaisuwa. Saboda haka zuciyar ginin wani ɗan ƙaramin ɗaki ne mai kusurwa huɗu, mai duhu, mai ƙofa ɗaya tak, wanda ake kira garbagiriha, watau ɗakin mahaifa. A nan gunki yake zaune. Bisa wannan ɗaki ake tayar da hasumiya, wadda take wakiltar tsaunin da aka ce alloli suna zaune a kai. A gabansa akwai zaure ɗaya ko fiye masu ginshiƙai, da ake kira mandapa. Mai ziyara yakan kewaya ginin yana ajiye shi a hannunsa na dama, wannan ne kuma dalilin da ya sa ake cika bangon waje da sassaƙa: ana karanta bangon ne da ƙafa, ana tafiya ana dubawa.

Masana sun kasa waɗannan gine-gine gida biyu manya. Na arewa, da ake kira Nagara, hasumiyarsa tana tafiya tana lanƙwasa tana tsukewa kamar goyon masara da aka tsayar. Na kudu, da ake kira Dirawida, hasumiyarsa hawa-hawa ce kamar matakala, kowane bene ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta. Duka biyun ba sa amfani da baka irin wanda maginan Hausa suke ɗaure soro da shi. Sai dai a ɗora doguwar sanda ta dutse a kan ginshiƙai biyu, ko kuwa a riƙa jera duwatsu kowane layi yana ɗan leƙowa ciki fiye da na ƙasa da shi har su haɗu a sama. Sau da yawa ba a sa kwaɓi ko kaɗan. Nauyin dutse da 'yan maƙalai na ƙarfe su ke riƙe ginin. Wannan ne ya sa haikali yakan zama tsauni guda daga waje, amma cikinsa ƙunci.

Ba da ka ake wannan aiki ba. Akwai littattafai na ƙa'idojin gini da sassaƙa, kuma ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne Birhat Samhita na Warahamihira, masanin taurari na ƙarni na 6, wanda ya ce a raba filin haikali gida 64. Malamin nan na Musulunci, al-Biruni, wanda ya koyi harshen Sanskirit ya kuma rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya ciro bayanin ma'aunin gumaka daga wannan littafi ya mayar da shi Larabci.

4. Haikalan Sarakuna

A wancan zamani sarkin da ya ci yaƙi yakan shaida wa duniya da gini. Misali mafi ban mamaki shi ne haikalin Kailasa da ke Elora, a jihar Maharashtara ta yanzu, wanda ake danganta shi ga Sarki Kirishna na Ɗaya na daular Rashtarakuta, a rabi na biyu na ƙarni na 8. Shi ba gina shi aka yi ba, sassaƙe shi aka yi. Masassaƙa sun fara ne daga saman tsauni, suka yi ta sara suna gangarowa, har suka fitar da hasumiya da zauruka da ginshiƙai da giwaye daga dutse guda. A irin wannan aiki kuskure ba ya gyaruwa, domin abin da aka sare ya saru. A Elora ɗin akwai koguna 34 a jere: 12 na mabiya Buda, 17 na Hindu, 5 na Jainawa.

A tsakiyar Indiya kuwa, sarakunan Candela sun cika garin Kajuraho da haikalai, yawancinsu tsakanin 950 da 1050. Labarin gargajiya ya ce sun kai 85, amma waɗanda suka rage ba su wuce 25 ba. Babbansu, Kandariya Mahadewa, wanda aka gina wajen 1030, tsawonsa kimanin mita 31 ne, babbar hasumiyarsa tana kewaye da ƙanana 84, kuma an ƙidaya mutum-mutumi fiye da 800 a jikinsa. A gabashin garin akwai haikalan Jainawa da aka gina da irin fasalin nan, abin da ke nuna cewa magina ɗaya ne suke yi wa kowa aiki. To, amma da ƙarfin Candela ya karye a farkon ƙarni na 13, sai garin ya fara mutuwa. Ibn Battuta, matafiyin nan da daga baya ya ratsa ta Takedda har ya ambaci Gobir, ya ba da labarin wurin a ƙarni na 14, ya ce akwai masu gudun duniya da ke zaune a gefen tafkinsa. Bayan wannan sai jeji ya rufe yawancin ginin, har 1838 lokacin da wani injiniyan sojan Ingila, T. S. Burt, ya isa can bisa jagorancin mutanen yankin ya rubuta rahoto.

Haka abin ya kasance a Konarak, a gaɓar tekun gabas, inda Sarki Narasimhadewa na Ɗaya ya gina wa rana haikali wajen 1250, da siffar keken doki mai ƙafafu 24 na dutse da dawaki bakwai. Da aka daina bauta a cikinsa, babbar hasumiyar ta rushe, rairayi ya binne gindinsa. A 1903 sai da hukuma ta cika zauren da ya rage da yashi don kada rufinsa ya rufta.

Ga kuma haikalin sarki na huɗu, wanda labarinsa ya sha bamban. A Tanjawur, can kudu a ƙasar Tamil, Sarki Rajaraja na Ɗaya na daular Cola ya kammala babban haikalin Shiwa a 1010. Hasumiyarsa ta kai kimanin mita 60, an kuma gina ta da dutse mai tauri irin na Kufena, a yankin da babu irin wannan dutse kusa, sai an jawo shi daga nesa. Amma abin da ya fi ginin muhimmanci ga mai nazarin tarihi shi ne rubutun da sarkin ya sa aka zana a jikin harsashinsa. Rubutun nan littafin baitulmali ne da aka yi da dutse. An lissafa zinariya da duwatsu masu daraja da sarki da yayarsa Kundawai da matansa da hakimansa suka bayar, kowane da nauyinsa. An lissafa ƙauyukan da za su riƙa kawo shinkafa, har da na tsibirin Siri Lanka. An rubuta sunayen mata 400 masu rawar bauta, da gidan da aka ba kowacce, da rabonta. An jero makaɗa da akawuna da maɗinka da maginan tukwane da wanzamai da masu wanki da masu gadi. Kuɗin haikali akan ba majalisun ƙauyuka rance bisa ruwan kashi 12 da rabi cikin ɗari a shekara, da ruwan kuma ake sayen kayan hidima. Fitilu ma ba a bar su ga sa'a ba: akan ba makiyayi tumaki 96 ko shanu 48, shi kuma ya ɗauki nauyin kawo man shanun fitila ɗaya kowace rana, shi da zuriyarsa.

Daular Cola ta shuɗe a ƙarni na 13, amma haikalin bai mutu tare da ita ba. Mutane da yawa abincinsu yana rataye da shi, don haka sarakunan Nayaka da na Marata da suka mallaki garin daga baya suka iske hukuma ce mai tafiya, suka ɗora a kai. Har yanzu ana bauta a cikinsa, a 2010 kuma aka yi bikin cikarsa shekara dubu.

5. Sassaƙa

Masassaƙin Indiya ba ya zaunar da mutum a gabansa ya kwaikwaye shi. Yana bin awo ne da aka ƙayyade, inda faɗin yatsa da tsawon fuska su ne ma'auni, kuma kowane matsayi da adadin fuskokin da tsawon jiki zai kai. Ana gane abin bauta da abin da ya riƙe: Wishnu da katantanwa da faifan yaƙi, Shiwa da mashi mai baki uku da ido na uku a goshi. Yawan hannaye alama ce ta yawan iko. A bangon haikali kuma, ban da alloli, akwai makaɗa da mayaƙa da mata suna kwalliya, har da siffofin saduwar maza da mata waɗanda suka sa sunan Kajuraho ya bazu, ko da yake ba su fi kimanin kashi ɗaya cikin goma na sassaƙar wurin ba.

Gunkin Jainawa ya saɓa wa wannan ƙwarai. Shi tirtankara ya riga ya rabu da duniya, ba ya ji ba ya bayarwa, saboda haka ba a sassaƙa shi da makami ko motsi. Zama biyu kawai gare shi: ko a zaune ya harɗe ƙafafu, ko a tsaye ƙyam hannuwa a sake. Sun yi kama da juna har sai an duba alamar da ke gindin kujera kafin a bambanta su, alal misali bijimi ga Rishaba, zaki ga Mahawira. Ɗaya daga cikin mafiya girman irin wannan aiki a wancan zamani shi ne mutum-mutumin Bahubali da ke Sharawanabelagola a jihar Karnataka, mai tsawon kimanin mita 17, daga dutse guda, wanda aka nuna ya daɗe a tsaye har kurangar daji ta naɗe masa ƙafafu da hannuwa. Abin lura a nan shi ne, ba sarki ne ya sa aka yi shi ba. Camundaraya ne, wazirin sarkin Ganga kuma shugaban rundunarsa, wajen shekarar 981. Kusan duk bayan shekara 12 Jainawa sukan taru su yi masa wanka da madara da kayan ƙamshi. An yi na baya-bayan nan a 2018.

A ƙasar Cola kuwa gwanintar ta fi fitowa a tagulla. Da yake gunkin dutse ba ya fita daga ɗakinsa, akan zuba na tagulla wanda za a ɗauka a zaga gari da shi ranar biki. Akan fara ƙera siffar da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sa'an nan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, daga ƙarshe a fasa yumɓun. Ita ce dabarar da maƙeran Ife da Benin suka sani. Tun da sai an fasa mazubin, babu guda biyu da suka zama ɗaya. Shahararriyar siffarsu ita ce ta Shiwa yana rawa cikin da'irar wuta. Da yawa daga cikin waɗanda ke gidajen tarihi a yau daga ƙasa aka tono su, inda masu hidimar haikali suka binne su lokacin tashin hankali.

6. Wazirai da Attajirai

A yammacin Indiya, watau Gujarat da Rajastan, Jainawa ba su cika hawa gadon sarauta ba, amma su ne sukan riƙe alƙalami da baitulmali. A kan tsaunin Abu, a wurin da ake kira Dilwara, Wimala, wazirin Sarki Bima na Ɗaya, ya gina haikali a 1031. Bayan shekara ɗari biyu, a 1230, Tejapala, wanda shi da ɗan'uwansa Wastupala su ne wazirai a Gujarat, ya gina na biyu kusa da shi. Da farin dutse mai sulɓi wanda Larabawa ke kira marmar aka yi su, aka hau da shi tsaunin daga nesa. Daga waje ba su da wani kwarjini, katanga ce kawai. Sai an shiga a ɗaga kai a ga rufin da aka sassaƙe zobe cikin zobe, da wani tuntu na dutse yana reto a tsakiya kamar furen bado, an kankare shi har ya yi kamar haske zai ratsa. Akwai labarin da ake bayarwa cewa masassaƙan ana biyansu ne gwargwadon nauyin garin dutsen da suka kankaro, don su ƙara sirantar da aikin. Haka kuma a Ranakpur wani attajiri mai suna Darna Shah ya kafa haikali mai ƙofofi huɗu a zamanin Rana Kumba, rubutun jikinsa yana ɗauke da shekarar 1439, ana kuma cewa ginshiƙansa 1,444 ne.

Ba za a ɓoye cewa waɗannan wurare sun sha ɓarna ba. Sultan Mahmud na Gazna ya fasa haikalin Somnat a 1026. Rubutun da ke ƙofar masallacin farko na Delhi ya ce da kayan haikalai 27 aka gina shi. Rundunar Sultan Ala'uddin Kalji ta taɓa Dilwara a 1311, ta kuma taɓa tsaunin Shatrunjaya, babban wurin ziyarar Jainawa, a 1313. Ba kuwa Musulmi kaɗai suka yi haka ba. Tun da haikalin sarki alamar mulkinsa ce, sarakunan Hindu ma sukan kwashe gumakan abokan gabansu su kai gida a matsayin ganima, kuma marubucin tarihin Kashmir, Kalhana, ya ba da labarin yadda Sarki Harsha na can, a ƙarshen ƙarni na 11, ya naɗa ma'aikaci musamman don tumɓuke gumaka a narkar da su.

Abin da ya bambanta Jainawa shi ne abin da ya biyo bayan ɓarnar. Malamansu sun koyar da cewa gyaran tsohon haikali ya fi gina sabo lada. Shekara biyu kacal bayan abin da ya faru a Shatrunjaya, a 1315, wani attajiri mai suna Samara Shah ya nemi izini daga Alp Khan, gwamnan Sultan a Gujarat, aka ba shi, ya gyara wurin. A 1321 waɗansu 'yan kasuwa suka gyara haikalan Dilwara. An ci gaba da haka ƙarni bayan ƙarni, har zuwa babban gyaran da aka fara a 1950 a ƙarƙashin kwamitin amintattu na Anandji Kalyanji, da hannun maginan zuriyar Sompura, waɗanda gini gadonsu ne. Su kansu maginan ba su rasa aiki ba da mulki ya sauya hannu. Duk wanda ya dubi ginshiƙai da rufin masallacin Juma'a na Ahmadabad, wanda aka gama a 1424, zai gane hannun da ya saba da aikin haikali.

7. Daga Ganye Zuwa Takarda

Hanya ta biyu ta neman lada a wurin Bajaine mai hali ita ce ya biya a juyi littafi ya ba da shi sadaka ga taskar haikali, wadda ake kira bandar. Mafiya shahara su ne na Patan da Kambat da Jaisalmer. A Patan ne babban malami Hemacandra ya zauna a ƙarni na 12, a fadar Sarki Kumarapala wanda ya karɓi koyarwar Jainawa. Taskar Jaisalmer kuwa, wadda malami Jinabadra Suri ya kafa a ƙarni na 15, a ƙarƙashin ƙasa take, a cikin ganuwar gari, a tsakiyar hamada inda babu laima.

Da farko a kan ganyen wata itaciya dangin giginya ake rubutu. Ganyen dogo ne siriri, akan huda shi a zura zare, a matse tsakanin alluna biyu. Fili kaɗan ne ya rage wa mai zane, wanda bai fi tafin hannun yaro ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan Jainawa masu zane yana Jaisalmer, an juye shi a 1060. A ƙarni na 14 takarda, wadda ta iso Indiya ta hannun Musulmi, ta soma maye gurbin ganye. Shafi ya ƙara faɗi, zane ya samu wuri. Duk da haka majuya ba su saki tsohon fasali ba: suka ci gaba da yanka takarda a kwance, suna kuma ɗiga jan tabo a daidai inda ake huda ganye, alhali babu sauran zaren da za a zura.

Littafin da aka fi juya da yi wa zane shi ne Kalpasutra, mai ɗauke da tarihin Mahawira da sauran tirtankara, wanda ake karantawa a bainar jama'a lokacin bikin Paryushana a damina. Salon zanen ba ya ɓoyuwa: jan fili, layi mai kaifi, hanci mai tsini, fuska a karkace, ido na nesa kuma ya fito waje da fuskar kamar yana rataye a iska. A ƙarni na 15, da cinikin teku ya ƙara wa Gujarat arziki, sai zinariya da shuɗin dutsen lazward na ƙasar Afganistan suka mamaye shafi. Akan haɗa littafin da labarin wani malami Kalaka wanda ya nemi taimakon sarakunan ƙetare, su kuwa waɗannan baƙi akan zana su da fuska da tufafi irin na zanen Farisa. Kwafi biyu daga cikin mafiya kyau an yi su ne a biranen da ke ƙarƙashin sarakunan Musulmi: na Mandu a 1439, da na Jaunpur a 1465. A ƙarshen littafi majuyi yakan rubuta shekara da gari da sunan sarkin zamani da na wanda ya biya da danginsa, wannan kuwa ya zama taska ta biyu ga masu tarihi.

Mabiya Hindu ma sun yi zane a littafi, amma abin da ya rage nasu daga kafin 1500 kaɗan ne in an gwada da na Jainawa, domin yawanci a fadoji da gidaje yake, ba shi da taska mai amintattu. Daga ƙarni na 16 ne ake samun su da yawa: wani sashe na Mahabarata da aka yi wa zane a 1516, da labarin ƙuruciyar Kirishna wanda shafukansa suka warwatsu a gidajen tarihi na duniya. Da Sarki Akbar ya kafa ɗakin zane a fadarsa ƙarƙashin gwanaye biyu daga Farisa, da yawa daga cikin ma'aikatansa 'yan ƙasa ne da suka taso cikin wannan tsohon salo. Shi ne ya sa aka fassara Mahabarata zuwa Farisanci daga 1582, shi ne kuma ya gayyaci malamin Jainawa Hirawijaya Suri fadarsa, har ya hana yanka dabbobi a kwanakin Paryushana. A ɗaya ɓangaren, babban mai zanen fadar Mewar a tsakiyar ƙarni na 17, wanda ya yi wa Ramayana zane, Musulmi ne mai suna Sahibdin.

Taskokin Jainawa sun daɗe a rufe ga baƙo. Sai a 1874 masanin Bajamushe Georg Bühler ya samu aka nuna masa wani abu daga ta Jaisalmer, a tsakiyar ƙarni na 20 kuma wani malaminsu, Muni Punyawijaya, ya zauna ya tsara ta ya rubuta jerin abin da ke ciki. Sai aka iske ba littattafan Jainawa kaɗai suka tsare ba. Har da na Hindu da na Buda, na nahawu da waƙa da manɗiƙi, waɗansu babu sauran kwafinsu a ko'ina.

8. Kammalawa

Idan aka jera waɗannan misalai za a ga abu ɗaya yana maimaituwa. Kajuraho da Konarak sarakuna masu ƙarfi ne suka gina su da dutse, amma da daula ta kau babu wanda ya gaji nauyinsu. Tanjawur ya rayu domin mai shi ya rubuta wanda zai kawo man fitila da wanda zai riƙe lissafi. Dilwara an fasa shi, cikin shekara goma aka tayar da shi, domin akwai jama'ar da ke ganin nata ne. Ganye da takarda kuwa, waɗanda gara da laima da wuta ke iya gamawa da su dare ɗaya, sun kai shekara ɗari tara a hannun 'yan tsirarun da ba su da runduna.

Wimala da Tejapala da Camundaraya ma'aikatan hukuma ne, majuyan Patan kuwa almajiran ilmi ne. Wannan ya isa abin tunani ga ma'aikaci da ɗalibi a ƙasar da ake ɗokin aza harsashi da buɗe sabon gini, amma kasafin gyara shi ne farkon abin da ake yankewa, kuma a ƙasar da littattafan magabata suke kwance cikin gafaka a zaurukan malamai, da yawa ba a ko rubuta jerin sunayensu ba. Duk wanda aka kawo wa takardar sabon aiki don ya sa hannu, ya kamata ya nemi shafin da ya faɗi wanda zai kula da shi bayan shekara hamsin, da inda kuɗin zai fito.